Sakamakon Jinin Ummi Ya Maƙale

Addu'a nake nema, jama'a. Ƙanwata ke rubuta min.

Ummina na kwance a asibiti, jiki zafi rau. An ɗebi jininta, sakamakon ya maƙale a kwamfuta. Likita ya ce ba magani sai ya gani.

Na tare mai gyaran netwok ɗin asibitin, na ce, "Malam, ya ɓace ke nan?"

Ya ce, "A'a, Maman Ummi. Injin nan kamar 'yan dako takwas ne a Kasuwar Kurmi, amma mutum ɗaya ake jibga wa kayan, wasu na zubewa. Raba musu nake yi. Koma wajenta, da ƙafata zan kawo."

Ƙofa nake ta kallo. Akwai wadda hakan ya taɓa samu? Na dai gaya wa babanta da Inna.