Wuƙar Mahaifina

Kafin waccan damina, na yi imani cewa mutum zai iya ba Almasihu zuciyarsa, ya bar wa danginsa hannuwansa. Shekara biyu ke nan da aka yi mini baftisma a Yamai, inda nake karatu a lakwal, wato makarantar boko, a ƙarshen mulkin Faransawa. Na kwance layun da ke damtsena, na ɗauka na gama rabuwa da gumaka.

A gidanmu na Kurfai ana salla, amma kowace shekara kafin shuka ana yanka jan bunsuru a gindin gawon da ke tsakiyar gonarmu, domin iskar da kakanni suka yi wa alkawari. Mahaifina ne ke yankawa. Da ya rasu da bazara, wuƙar ta faɗo hannuna, ni ɗan fari.

Na sauka a Filinge ranar kasuwa, na kama hanyar ƙauye ina gardama da kaina. Bunsuru ne kawai, kuma ni ba na tsoron iskar. Me zai hana in yanka, in sanyaya zuciyar Inna mai takaba? Na tsaya a hanya ya fi sau uku, hujjar ta ƙi zama.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. "Wancan" take cewa, tana kallon wani wuri. A cikin wannan kau da kai nake jin dukan ƙaunarta.

Da hantsi muka taru a gona. Baffa, ƙanen mahaifina, ya danne bunsurun yana dariya.

"Malamin lakwal, ko Nasara sun hana ka ganin jini?"

Inna ta miƙo wuƙar, fuskarta a gefe. "A ba wancan, rana na yi."

Na karɓa. Ƙotar ta sha hannun mahaifina har ta yi santsi. A nan na gane ba don iskar zan yanka ba, don wannan fuskar ce da ke gefe. Ita nake tsoron rasawa fiye da Ubangijin da na ce na bi. Na durƙusa, na ajiye wuƙar a ƙasa.

"Inna, ki yi mini gahwara. Yesu ni ka bi, ba ni iya yanka ma wani."

Baffa ya daina dariya, ya ɗauki wuƙar ya yanka.

Yau ina da shekara hamsin, har yanzu ina tuhumar kaina. Me ya hana in faɗa mata a ɗaka, mu biyu, maimakon a gaban dangi? Ban san ko biyayya ce kaɗai ta sa na jira har gona ba, ko da girman kai a ciki.

A can gona, bayan yankan, Inna ta juyo ta dube ni ido da ido, ta kira sunana, ta ce in wuce gida. Tun daga ranar har ta rasu, da sunana take kirana.