Ranar da na kira ɗiyata da sunanta

Shekarun baya, ba a jima da yanke mana Zamfara daga Sakkwato ba, Shari'a na sabuwa, ɗiyata ta fari ta samu ciki a gidan mijinta can Moriki. Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. Ni tun da na haife ta ban taɓa faɗin sunanta ba. "Ke" nake ce mata, in ba ta nan in ce "waccan". Ko goyonta ban yi gaban mutane ba. Ina taƙama da haka kuwa, har misali ake yi da ni a unguwa.

Cikin na girma sai labari ya riƙa iso mini. Wai tana zaune lafiya lau sai gabanta ya yanke ya faɗi, zufa ta keto mata, hannuwa su yi sanyi, numfashi ya ƙi shiga, ta riƙa cewa mutuwa za ta yi. Can ya sake ta kamar ba a yi ba. Na aika a turo mini ita goyon ciki, tunda haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Uwar mijinta ta aiko cewa sai an fitar mata da iska tukuna.

Iska! Ranar kasuwa na ɗauki mayafina. Lokacin mace ba ta hawan kabu-kabu, sai da na sha rana a tasha kafin motar mata ta cika.

Tun daga zaure tari ya sarƙe ni. Na tarar da mata cike da tsakar gida, ga wani mutum tsaye bakin ɗakin ɗiyata. Kowa ya san shi, da garaya yake bin 'yan bori kafin a hana, yanzu ya naɗa rawani ya riƙe carbi. Ya zuba barkono a garwashi, ya tura kaskon ɗaki, ya toshe taga da tsumma, ya kulle ta ciki. Yarinyar da ko a fili numfashi ke gagara!

Tana dukan ƙyaure tana cewa, "Ku buɗe don Allah, ba ni iya numfashi!"

Shi ko ya ce, "Kun ji shi ko? Shi ne ke magana, ba ita ba."

Uwar mijin ta taro ni. "Maraba, maraba. Zauna ki sha ruwa, an kusa gamawa."

Na ce, "Mi aka kusa gamawa? Ita, ko abin da ke cikinta?"

Ta ce, "Ikon Allah! Ke da ko kallonta ba ki yi? Ina kunyar taki?"

Taɓarya na gani jingine da turmi, na ɗauka na maka wa kwaɗon har ya tsinke. Na jawo ta waje, ido ya yi ja, baki na buɗe kamar kifi a tudu. Na ce "ke", ba ta san ina yi ba. Na girgiza ta, shiru. Sai na ji bakina ya kira sunanta, da ƙarfi, gaban surukai da maƙwabta. Ta tsaya. Ta dube ni ta ce, "Inna, ke ce kika kira ni?" Ta ja numfashi, ta fashe da kuka.

Mai rawani ya ce na ɓata aiki. Na ce, "Shiga kai in rufe ka, mu ji wa zai yi magana ta bakinka."

Ranar na tafi da abata. Muka je awo asibitin Ƙaura, malamar ta duba ta ce ɗan ciki na motsi, jini ne ya yi ƙasa, faɗuwar gaban kuma tsoro ne, yana samun masu ciki da yawa. Ta ba da magani ta ce in riƙa hira da ita. Hira! Abin da ban taɓa yi ba.

A hirar na ji komai. Ashe tana amarya maƙwabciyarta ta rasu wajen haihuwa a kan idonta. Kunyar cikin fari ta hana ta tambayar kowa, ta haɗiye abin ita kaɗai.

In ya taso mata sai in fito da ita waje, in ɗauki ƙwaryar gero in yi shiƙa a gabanta. In na ɗaga ƙwarya ta ja numfashi, in ina zubowa ta sake shi a hankali har gero ya ƙare, muna ambaton Allah. Bai daina zuwa ba, amma ta gane yana wucewa. Da kaka ta sauka lafiya, ɗiya mace.

Har yau in na ji ƙaurin barkono a wuta raina ɓaci yake yi. Ba mai rawani ya fi ƙona mini rai ba, shi abinci yake nema. Matan nan ne, duk sun haihu, duk sun san tsoron nan, suka tsaya suna jin ta tana roƙo, babu wadda ta ce ita ce ke magana.

Tsararrakina har yanzu suna ce mini marar kunya, don ko a gidan biki daga nesa nake ƙwala mata kira da sunanta. Su yi ta faɗi. Ni dai in na kira, tana amsawa.