Sabuwar Kwata, Tsohuwar Rijiya

Shekarar da aka gina mana kwatar siminti a lungunmu na cikin birni, murna ta cika ni. Wari ya ragu, ruwan wanke-wanke ya daina kwanciya a ƙofar zaure. Na ce wa maigidana, "Malam, bana dai autarmu ta huta da gudawa."

Ba ta huta ba. Hadari na fara tasowa ta wajen dutsen Kufena cikinta ya sake ɓaci, ta rame har awarwaronta na zamewa daga hannu. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ruwan da muke sha. Na ce na rijiyar tsakar gida, wadda kakan Malam ya haƙa.

"Ina masai yake, Hajiya?"

Na ce katanga ɗaya ce tsakaninsa da rijiyar. Ta ce daga nan cutar ke shiga ruwan, gara a rufe rijiyar.

Malam ya ƙi a rufe rijiyar, ya ce ita ya sha ya girma. Sai na koma tafasa ruwa kullum. Yarinyar ta tashi, amma har yau ita ce ƙarama a jiki cikin sa'o'inta. Duk sanda ta ce, "Umma, cikina," sai in je in duba ko tafasasshen ruwa ta sha.