Kukan Akori-kurar Malam

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya, amma kukan da tsohuwar motar maigidana ta riƙa yi a daminar da nake ɗauke da ciki na biyu, shi kam ba zai bar kunnena ba sai ranar da ƙasa ta rufe idona.

A lokacin muna zaune a wani ƙauye kusa da Fagam, a ƙasar Gwaram. Maigidana, wanda nake kira Malam, direban akori-kura ne, yana jigilar mutane da buhuna da awaki zuwa Birnin Kudu. Zamanin da aka bar fam da sule aka koma naira ne, sababbin motoci sun fara cika kwalta suna ƙyalli. Tamu kuwa ta ga jiya ta ga yau. Sitiyarinta ma a dama yake, tun na kafin a sauya hannun tuƙi, agogon da ke ƙirga tafiyarta kuma ya gaji ya tsaya tun a hannun mai ita na farko. Amma ita kaɗai ce motar da ke kwana a ƙauyenmu.

Haihuwata ta fari ba ta zo da sauƙi ba. Na sha doguwar naƙuda, ɗan kuma bai zo da rai ba. Don haka da na fara zuwa awo asibitin Birnin Kudu, wata nas 'yar kudu, mai Hausa a karkace, ta riƙe hannuna ta ce wannan karon da na ji ciwo ya fara a kawo ni, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Komawa gidanmu in jira haihuwa bai taso ba, don goyon ciki na fari ake zuwa, ga surukata idonta ya yi rauni, ni ce hannunta ni ce ƙafarta. Ke nan ni da abin da ke cikina, bayan Allah, da wannan tsohuwar mota muka dogara.

Sai ta fara kuka. Da fari siriri ne, kamar sauro a bayan kunne, in ta ɗau gudu ya ƙaru, in ta rage ya lafa. Kafin damina ta yi nisa ya zama wani dogon gunji da ke shiga mutum har haƙora. Fasinjoji suka fara tsokanar Malam wai ya ɗauko mayya a baya. Shi yana dariya, ni kuwa duk ranar awo ina zaune a gaba, hannuna a kan ciki, ina lissafin inda za ta mace mana in ranar ta zo. Na kasa zaune na kasa tsaye. Ko tuwo nake tuƙawa sai in ji kukan a kaina.

Abin haushin shi ne, maganin yana gidanmu. Babana bakanike ne a Birnin Kudu, tsohon hannu, wanda in mota ta wuce ta gaban garejinsa yakan faɗi ciwonta bai ɗago kai ba. To amma surukin Malam ne. Ku yaran yanzu da kuke hira da surukanku har kuna tafawa ba za ku gane ba. Malam bai taɓa haɗa ido da Baba ba. In ya hango shi a kasuwa sai ya sake layi, in kuma ba makawa ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa, su gaisa kowa na kallon ƙasa. A ce su shiga mota ɗaya su zauna kafaɗa da kafaɗa? Ko a mafarki.

Sai na zama 'yar aike. Ranar awo Malam ya ajiye ni, ya tafi ya laɓe a tasha, ni kuma in taka zuwa gareji in tsaya gaban Baba, mace da tsohon ciki, ina murɗa baki ina kwaikwayon kukan mota. Baba ya tambaye ni ko kukan na ɗaukewa in an taka kuloci. Ina zan sani? In ɗauki tambayar in kai wa Malam, ya ce yana jin kamar yana ɗaukewa, in riƙe amsar har wani awon, kafin nan na manta rabinta. Daga ƙarshe Baba ya ce ta yiwu boris ne, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, amma shi bai yarda da ciwon da kunnensa bai ji ba. Malam ya kama rabin farko na maganar ya bar na biyu, ya kai motar wajen wani bakanike a Gwaram aka sauya boris. Muna hawa hanya ta ci gaba da kukanta, har da ƙari.

Na yi wa Malam magana a gida, ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma Allah ɗin ne ya ba ubana kunne. Ya tashi ya fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga mazan nan biyu kowa na tattalin kunyarsa, ni kuma watana yana ta matsowa.

Awon da ya biyo baya, da na fito asibiti na wuce gareji na zauna a benci, na ƙi komawa tasha. Rana ta take, ta fara karkata. Dole Malam ya biyo sawuna. Ya tsayar da motar can nesa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin rumfa. Baba ya juya gefe yana amsa gaisuwa yana goge wata sifana da ba ta da datti. Na dube su, sai na yi abin da 'ya ba ta yi a gaban ubanta, na ambaci cikina da bakina.

"Baba," na ce, "ranar da naƙuda ta kama ni, a motar can za a kawo ni. Na fari kun san yadda aka yi. Ni na gaji da kai saƙo."

Ni kaina kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya daɗe yana kallon sifanar, sannan ya ajiye ta, ya ce da ni, ba da Malam ba, "Ce masa ya kawo ta."

Haka muka shiga gaba mu uku, Malam a sitiyari, Baba a bakin ƙofa, ni da cikina a tsakiya. Tun a tsaye Baba ya ce in ce masa ya ba ta wuta. Inji ya yi ruri, ba kuka, Baba ya ce to ba inji ba ne. Muka hau kwalta ta wajen Wurno. In ce masa ya sauya giya. Na faɗa, ko da yake Malam ya fi ni jin maganar. Aka sauya, kukan bai sauya ba, gudu kawai yake bi. In ce masa ya karkata hagu, ya karkata dama. Nan ma yana nan yadda yake, Baba ya ce to an zalunci boris, ba laifinsa. Ina tsakiya ina ta juya kai ina maimaita magana, zufa na keto mini. Can kukan ya kai maƙura, Baba ya manta da ni gaba ɗaya.

"Taka totur. Saki. Sake takawa."

"To, Baba," in ji Malam.

In ya taka ta yi gunji, in ya saki ta koma gurnani. Baba ya sa aka tsaya, ya fita, ya naɗe riga ya haye baya inda ake ɗaure awaki, ya kwanta ya manna kunnensa a ƙasan bodi, ya buga ƙarfe alamar a ja. Na kalli Malam, hawaye ne a idonsa, wai shi ne yau yake jan surukinsa a kwance a mazaunin dabbobi. Na ce ya kalli hanya.

Da muka koma gareji Baba ya shiga ƙarƙashi ya taɓa aksul, wato tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, ya janye hannu don zafi. Ya kwance murfin ya tara kwano. Abin da ya zubo ba ya kama da man giya, fari-fari ne kamar kunun da ya kwana, da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ya tambayi Malam kai tsaye ko yana ratsa ruwa. Malam ya ce kullum, akwai rafi kafin ƙauyenmu, tun saukar damina yake shiga. Baba ya ce ruwan ne ya shiga ya kashe man, haƙoran ciki suna cin junansu, kuma da an ƙara 'yan kwanaki sai ta ƙame a tsakiyar hanya. Na koma benci na zauna.

Baba da kansa ya je Kano ya samo wani aksul na hannu mai kyau. Kwanakin da aka yi ana aikin ina gidanmu ina zirga-zirga tsakanin soro da gareji, ina leƙen ƙafafu huɗu da suka fito daga ƙarƙashin mota, ɗaya na cewa miƙo, ɗaya na miƙawa. Baba ya ɗaura wa aksul ɗin wani tiyo ya ja bakinsa sama don kada ruwa ya sake shiga, sannan ya sallame mu.

Naƙudar ta zo da hantsi, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Rafin ya kawo, Malam ya yi bismilla ya kutsa, muka haye. Ciwo na murɗa ni, amma wallahi rabin hankalina na baya, ina jiran siririn kukan nan ya taso. Muka wuce Gwaram, muka hau kwalta, ban ji komai ba sai ƙarar taya da salatin surukata. A asibiti sai da aka taimaka mini, kuma nas ɗin nan ta ce da mun makara da labarin ya sake zama irin na fari. Ta ɗora mini 'yata a ƙirji, tana ta tsala ihu, sannan ta tambaye ni ko mutanen nan biyu da ke waje faɗa suka yi, don ɗaya na gindin bishiya, ɗaya na can bakin ƙofa, ba mai kallon wani. Baba da Malam ne. Na yi dariya har ɗinkina ya amsa.

Kunyarsu ta koma inda take har Baba ya bar duniya, ban kuma taɓa raina ta ba. Amma na koyi cewa in rai na cikin magana, ba a ba ɗan aike ita. Sai wani ya daure ya faɗe ta a gaban wanda ya kamata ya ji, ko da kunya za ta kashe shi. Ni na faɗa, ban mutu ba, kuma wadda na faɗa dominta yau ita ke kai ni asibiti a motarta.