Kaburburan da Saje Ya Gina a Bakin Rafi

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, can gaba da Indiya, maigidana ba ya cikinsu. Mun riga mun sani, don tun daminar da ta wuce ɗan aiken dagaci ya tsaya a ƙofar gida ya ce Allah Ya yi masa rasuwa a can, ya yi mana gaisuwa, ya hau kekensa ya nufi wani gidan. Iyakar abin da aka gaya mana ke nan. A kan maganar ɗan aike na yi takaba na fita, na ci gaba da zama da yarana biyu da uwar mijina, wadda nake kira Inna, a ƙauyenmu da ke hannun Makarfi, inda kowa sana'arsa rake da mazarƙwaila.

Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce yaron nan. Amma wata tambaya ta zauna mata a ƙirji ta hana ta cin tuwo. An yi masa wanka? An yi masa salla? An kwantar da shi yana kallon alƙibla, ko kuwa rami aka haƙa aka tura shi kamar mushe? Kullum sai ta yi mini ita, ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Wata rana har na fusata na ce Inna, ni na je Bama ne? Sai na shiga madafa ina jin haushin bakina. Abin yana cina ni ma, sai dai ni ina da daka da surfe da yara masu ɗauke mini hankali, ita kuwa ba ta da komai sai tabarma da tunani. Ta rame har zobenta ya riƙa zamewa daga yatsa.

Wata mai tallar daddawa daga wajen Malikanchi ce ta kawo mana labarin Saje. Ta ce wani tsohon soja ne da ya dawo, yana zaune gaba da Ikara ta hanyar Saulawa. Wai ya sami wani rafi mai yashi da ya ce ya yi kama da bakin tekun da aka sauke su, yana ɗaukar iyaye da matan waɗanda ba su dawo ba, daga hantsi zuwa azahar, ya nuna musu yadda aka yi da inda kowa ya faɗi. Har kaburbura ya gina na ƙasa, ƙanana, babu kowa a ciki, shi ya sa mata ma suke zuwa kuma malamai suka ƙyale shi. Mutane na tahowa tun daga Kudan.

Ni dai tsaki na yi. Na ce wannan ai mahaukacin yaƙi ne ya sami hanyar cin goro da gawar 'ya'yan mutane. Kafin in rufe baki Inna ta tashi tana neman mayafinta.

Da aka gama saran rake muka ari jaki, Inna a sama ni a ƙasa, muka kwana gidan ƙanwarta a Malikanchi, da safe muka isa. Mun tarar da wani dattijo daga Kudan da wasu mata biyu daga Janfalan suna jira a gindin ɗorawa. Saje ya zo da sanda a hannu, siririn mutum, sanye da rigar kaki da duk maɓallanta suka zube, kunnensa ɗaya ba ya ji. Ya durƙusa ya gai da Inna gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya da gida da gajiya, abin da ya ɗan rage mini kaifin baki, don na zaci zan ga mashayi.

Sai ya tambayi kowa sunan nasa. Nan muka tsaya cak. Inna ba za ta faɗi sunan ɗan fari ba, ni ba zan faɗi sunan miji a gaban uwarsa ba. Muka dubi juna, matan Janfalan suna rufe baki da mayafi. Daga ƙarshe na faɗi ƙauyenmu, na ce dogo ne, ɗan dako aka sa shi, kuma babban yatsansa na hagu guntu ne, injin matsar rake ya cinye kan. Saje ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce ya san shi. Sannan ya ce mu bi shi.

Cikin ruwa ya fara kai mu. Rani ne, ruwan iya gwiwa, ya ce kowa ya tattare zane ya shiga ya tsaya. Na ce Inna ba za ta shiga ba, tsohuwa ce, ya ji tsoron Allah. Ita ta riga kowa shiga. Muna tsaye sanyi yana cin ƙafafunmu ya ce haka aka sauke su da asuba, daga wasu jirage masu faɗin ciki da gabansu ke buɗewa ya faɗo cikin ruwa. Nasu ruwan ya kai ƙirji, ga gishiri, ga laka a ƙasa tana riƙe takalmi. 'Yan dako irin maigidana akwatin harsashi ne a kansu, hannu biyu a sama, ba su da bindiga, ba su da hannun da za su riƙe wani abu in sun zame. Yawancinsu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce fadama ba.

Daga nan ya sa muka tako zuwa yashi, ya nuna mana gaɓar da ke gabanmu mai duhun ciyawa, ya ce a nan Japanawa suke kwance, ba a ganinsu. Yana tafiya yana soka sandarsa a ƙasa. A nan, in ji shi, yaron dattijon Kudan ya faɗi, bai ko yi magana ba. A can ƙanen matan Janfalan ya zauna yana kiran ruwa. Saje ba ya ɗaga murya, ba ya yin kukan bindiga da baki kamar yadda na ga wasu tsofaffin sojoji na yi a kasuwa don yara su taru. Wallahi da ya yi haka da na ji sauƙi, da na sami abin zagi. Dattijon ya tsuguna ya dafa wurin da aka nuna masa, ya daɗe bai tashi ba.

Namu wurin yana kusa da wani kututture. Saje ya ce maigidana ya fito daga ruwa, ya sauke akwatinsa inda aka ce a sauke, ya juya zai koma ɗauko wani, harsashi ya same shi a wuya. Bai wahala ba. Na tsaya ina kallon yashi, yashin rafin ƙasar Ikara da kashin awaki a kai. Inna ba ta ko dubi wurin ba. Ta ce a kai ta inda aka ajiye shi.

Rana ta take sosai lokacin da muka hau tudu. A ƙarƙashin wata tsamiya ya jera su, tsibin jar ƙasa kamar kunyar dankali, kowanne bai fi kamu ɗaya ba, an kafa tsingaro a wajen kai. Dattijon Kudan ne ya fara lura. Ya ce Saje, ai ka juya su, kan mamaci kudu yake, ya kwanta a kan damansa ya kalli gabas, kai kuwa duk ka sa kawunan a arewa. Saje ya ce kowa ya zo sai ya yi wannan tambayar. Ya ce jirgin da ya kwashe su ya wuce Makka ya bar ta a baya, saboda haka a can ƙasar alƙibla tana wajen faɗuwar rana. Tun a sansaninsu na Indiya liman ya juya su, kuma Musulmin can duk yamma suke kallo. Wanda aka binne daidai a Bama, kansa arewa ne, fuskarsa yamma.

Inna ta ce a'uzubillahi. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin an juya wa gabas baya an yi salla ba. Dattijon ya yi mata bayani a hankali, ya ce mahajjata ma sun faɗa, duk inda mutum yake ɗakin Allah yake nema, ba rana ba. Ban sani ba ko ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba.

Saje ya nuna wa kowa nasa, ya bar mu ƙarshe. Namu yana can gefe shi kaɗai. Ina zuwa na ga tsingaronsa a kudu yake.

Inna ta tsaya a kansa ta yi tambayoyinta, da muryar da ban san tana da ita ba.

"An yi masa wanka?"

"An yi, Inna. Ni na yi masa, da ruwan gorata da na wasu mutum biyu."

"Likkafani fa?"

"Bargonsa."

"Salla?"

"Ni na ja, mu uku. Ni ba malami ba ne, amma na yi yadda na ga ana yi."

"Ina ya kalla?"

Saje ya ce, "Kansa kudu, Inna. Fuskarsa wajen fitowar rana, kamar na gida."

Inna ta ce alhamdulillahi, ta maimaita. Ta kwance bakin zanenta ta ba shi goro da curin mazarƙwaila, ta sa masa albarka, ta ce Allah Ya sa shi ma ya sami mai yi masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ni kuwa jini ya hau mini kai, don na ji bayanin da aka yi da kunnena.

Da aka watse neman inuwa na bi shi bakin ruwa inda yake alwala. Na tsaya ta wajen kunnensa mai ji, na ce bawan Allah, kai da bakinka ka ce a can alƙibla yamma take. To mijina ka kwantar da shi ya ba ɗakin Allah baya ke nan?

Bai musa ba. Ya ce sun kwana cikin laka ba barci, ana harbi, da gari ya waye aka ce su tashi su ci gaba. Da sauri suka haƙa, da gwangwani da wuƙa. Rana tana fitowa, ya ɗaga kai ya gan ta, hannunsa ya juya fuskar gawar wajenta kamar yadda ya yi wa ubansa da kakansa a gida. Su ukun babu wanda ya tuna. Sai da suka yi nisa, azahar ta yi, ya ga wani ya shimfiɗa riga ya fuskanci yamma, sannan ya tuna. Ya roƙi baturensu ya koma, aka ce soja ba ya komawa baya. Ya ji an ce daga baya Turawa sun bi sun tattara gawarwaki sun kai wata babbar maƙabarta mai duwatsu a jere, amma ko sun sami mijina, ko ina suka juya shi, bai sani ba.

Na ce to don Allah me ya hana ka kafa tsingaron a arewa kamar na kowa, mu zo mu gani mu koma da kwanciyar hankali? Ƙasa ce fa kawai, babu kowa a ciki.

Ya ce ya gwada. Ya kafa a arewa, ya je gida ya kasa cin abinci, ya dawo ya mayar. "Na kwantar da shi ba daidai ba," in ji shi. "Ba zan kuma yi masa ƙarya a kai ba."

Na so in zage shi. Amma mutumin da ya ba da ruwan shansa ya wanke mini miji, me zan ce masa? Na juya na bar shi tsugune, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

A hanya na yanke shawara Inna ba za ta ji wannan daga bakina ba. Ta sami abin da ta zo nema, a bar ta da shi. Tana kan jaki har ta karɓi ƙosai a hannun wata mai suya ta ci biyu, na ce a raina to madalla, ko banza tsohuwa za ta koma cin abinci. Ni ce dai na ɗauko kaya, kuma na ga zan iya ɗauka.

La'asar ta same mu kusa da wata rijiya kafin Malikanchi. Na sauke ta, na ja ruwa, ta yi alwala, na shimfiɗa mata mayafina. Ta miƙe ta fuskanci gabas. Ina jira ta kabbarta in bi bayanta, ta tsaya kawai, hannuwanta a sake.

"Ke 'yar nan," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Ni ba kurma ba ce. Na ji abin da suka ce game da alƙiblar can."

Na ce Inna, ai Allah Ya san niyya, kuma kowane malami zai ce babu laifi a kan mamaci. Ta ce ta sani. Ta ce ta gode wa Saje ne don ta ga abin yana cinsa fiye da yadda yake cinta, kuma ya wanke mata ɗa a inda babu uwa babu uba. Ba za ta ƙara masa ba.

Sannan ta juyo ta dube ni, idanunta sun kawo ruwa.

"Amma yana can kwance ya ba ɗakin Allah baya, shi kaɗai. Wa za a aika ya juya mini shi?"

Ta jira, ta jira, sannan ta koma ta fuskanci gabas ta ɗaga hannu ta kabbarta.