Sarewar Karan Albasa

A gidanmu na Gure, in ɗari ya kama, ana idar da magariba muke kewaye murhun Kaka Fanna, kowa ya miƙa tafin hannu ga wuta. Bayan ɗakinta akwai ɗan fangali inda take binne manyan kawunan albasa bakwai duk shekara. Ba na miya ba ne, na iri ne: su yi dogon kara, su fidda farin fure kamar dunƙulen hannu, in ya bushe ta kakkaɓe ƴaƴan. Irin mahaifiyarta ne, daga kwarin Gidigir ta zo da shi.

Ni kuwa, sarkin ɓarna, na gano karan nan in ka busa yana kuka. Wata rana bayan lakwal, wato makaranta, na karya shida, na raba wa abokaina.

Da maraice muka kewaye murhun Kaka. Ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ku tare ta." Muka ce ta iso lafiya.

Wai zomo ne ya karya karan albasar wata tsohuwa ya yi sarewa. Amma sarewar waƙa ɗaya tak ta iya: "Ni uwar dubu ce, wa ya yanke ni?" Ya busa a kasuwa, haka, ya busa gidan biki, haka. Ya binne ta, warin albasa ya ƙi barin bakinsa.

Sai Kaka ta shinshina iska, ta dube ni. "Maigida, matso mana. Yau ka yi nisa da matarka."

Wayyo, kunya! Yara suka bushe da dariya, ni na fashe da kuka.

"Saura ɗaya," ta ce tana share mini hawaye. "Daga gobe kai ne mai gadinta. In akuya ta ci, irin uwata ya ƙare a hannunka."

Na kewaye albasar da ƙaya, na yi ta jido ruwa, ko wasa ban yi nisa ba har furen ya bushe. Ƴaƴan ba su cika tafin hannuna ba, amma sun isa.

Da daɗewa na ɗauka zancen ɓarawo ne da warin baki. Sai da na girma na lura: wanda ya ɓata shida, shi ta damƙa wa ta bakwai. Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta, irinta na nan a lambuna.

Bana da ɗari na ji kukan sarewa bayan ɗaki, na leƙa na hango jikata. Sai na je na hura wuta.