Malam Ramalan, mai raba iri gida uku

Shekara talatin da ɗaya, da an idar da sallar asuba Malam Ramalan, malamin gona, zai rataya rediyonsa ya hau babur ya bar Rano. Yau Dawaki, gobe ƙauyukan Kibiya. Duk gonar da ya isa sai ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu, ya ga iya inda laima ta kai. Ya tare Fulanin da ke dawowa daga kudu ya tambaye su inda suka baro ruwa, ya haɗa da abin da rediyo ta faɗa. Bayan duk wannan wahala, in ka tambaye shi ko damina ta zauna, sai ya ce, "Ban sani ba tukuna." Mutane har haushi suke ji. Malamin gona guda, wai bai sani ba.

Jumai ta Unguwar Gai ce ta san amfanin wannan amsa. Mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, iri kuwa gero tiya shida ya rage mata. A shekarar, wadda ta biyo bayan zaɓen 2003, ruwan farko ya sauka da wuri, gari kaf ya fita shuka. Ta tare Malam a bakin hanya.

"Malam, in shuka ko in jira? In wannan ya ƙone, wallahi ba ni da wani."

"Laimar ba ta wuce tafin hannu ba," in ji shi. "Raba shi uku. Ki shuka tiya biyu, ki ɓoye huɗu, mu ga abin da Allah zai yi nan da sati biyu."

Alu, ƙanin mijinta, ya yi tsaki. "Tsoro ne kawai. Bara ma haka ka sa mutane suka yi, ruwa ya zauna, mu da muka shuka duka muka fi su hatsi."

"Haka aka yi," Malam ya amsa. "Amma kai kana da rumbu. Ita fa?"

Kwana ashirin da uku sama ba ta ƙara ɗigo ba. Shuka ta ƙone ƙurmus, har da tiya biyun Jumai. Yara na kukan yunwa, tiya huɗu na cikin tukunya, ta danne zuciyarta ba ta daka ba. Ran da ruwa ya dawo, Malam ya iso jiƙe sharkaf, ya tona ƙasa har gwiwar hannu ya ce, "To, yanzu." Ta shuka biyu, ta cike gurbin da bai tsiro ba da ɗaya, ta ba Alu ɗaya, shi da shukarsa ta ƙone duka.

Yau Malam ya yi ritaya, ido ya yi rauni, ɗansa ya ɗauke shi zuwa Kano. Muna kewarka, Malam, ba ma ɓoyewa. In hadari ya haɗo, sai ka ga tsofaffi na leƙen hanyar Rano, alhali sun san ba mai zuwa. Kai ne ba ka taɓa yi mana alkawarin ruwa ba, ka dai koya mana mu bar wani abu a tukunya. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma matasan da kuka gaji aikinsa, ku sauka daga babur ku taɓa ƙasa, kada ku ji kunyar cewa ba ku sani ba.

Da Jumai ta ji za a je gaishe da Malam, ba ta da abin aikawa sai magana.

"Ku ce masa yaran duka biyar ɗin sun girma."